Tanjalon Farida

Yamai, unguwar Kirkissoye
3 ga Oktoba

Zuwa ga Hajiya Zulaiha, ƴar kawuna, a Maradi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da jikoki da duk mai cin tuwon gidanki.

Ina sanar da ke, ke kuma ki sanar da dangi na kusa da na nesa, har da waɗanda ba ma ga maciji da su, cewa ranar Litinin ta makon jiya, da ƙarfe goma da kwata na safe, an yi wa Malam Lawali tabarau. Wata likita da na girmi mahaifinta ce ta tsayar da ni gaban allo. Na karanta manyan haruffa uku, sauran na yi musu kyakkyawan zato. Na karɓi abina, na yi godiya, na kawo shi gida na kwantar da shi a aljihun tebur tare da takardun lantarki. Can zai zauna. Shekara talatin ina auren itatuwa, kuma yatsa ke wannan aiki, ba ido ba.

Na ji saƙon muryarki har guda huɗu. Kin san ba na amsawa ta nan. Mutumin da ya yi lakkwal, wato makarantar boko, a zamanin da ake dukan hannu saboda waƙafi ba zai tsaya bakin titi yana hira da waya ba. Zailani direban kar, motar fasinjan nan, zai ci gaba da kawo miki takardata kamar kullum.

An turo mini sababbin malaman gona ashirin da biyu, daga Dosso, Tawa, Damagaram, har da mutum biyu daga Diffa. Sati uku zan yi da su a lambuna na Harobanda, bakin kogi, in koya musu auren itatuwa da askinsu. Jiya na nuna musu yadda ake tsaga ɓawon ƙaramin dashe, a ɗebo ido ɗaya daga reshen bishiyar kirki, a cusa shi ƙarƙashin ɓawon, a naɗe da leda. Gindi na wani, kai na wani, su tashi bishiya ɗaya. Wani Abdulhakim daga Tawa, ƙato ne kamar ƙofar gari, ya yanke babban yatsansa tun bai taɓa bishiya ba. Na ce masa ya yi haƙuri, yatsa ba ya kamawa ko an naɗe shi da leda, na gwada.

Akwai kuma wata Safiatou, mutuniyar Gaya, shekara shida tana aiki da masu lambu. Tana zama a gaba da littafinta. Da na kai su gaban Kaka, tsohuwar bishiyar lemun nan da ake ce wa tanjalo, kowa yana yaba girmanta, ita sai ta ce, "Malam, daga ina aka kawo ta? An taɓa gwada ta?" Na ce an gwada ta a bakin mutum dubu, babu wanda ya tofar.

Na ba su labarin, kamar yadda nake ba kowane rukuni. Yadda matata marigayiya Farida ta rungumo wannan tanjalo a cinyarta tun daga Kwatano, shekara ashirin da bakwai ke nan, tana ba shi ruwan da ta saya don kanta. Yadda ta dasa shi da hannunta. Da yadda, tun shekarar da ta rasu, duk malamin gonar da ya gama horo a hannuna nake yanko masa rassa goma daga jikin Kaka, in naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya tafi da su garinsu ya aura. Tsarabata ke nan. Allah bai ba mu haihuwa ba, ni da Farida, amma yau babu jihar da ba ta da jika a cikinta. Ranar Alhamis, sha tara ga wata, waɗannan ma za su tafi da nasu.

Batun bishiyoyinki uku da kika ce sun yi yaushi: laifin Ibrahim mai ban ruwanki ne. Na san shi. Yana kunna injin ya tafi sallah, daga sallah ya wuce shayi. Tanjalo ba shinkafa ba ce. Ki ce ya rage ruwa.

Ki gaida Inna Aminatu. Ki huta lafiya.

Naki, ubangidanki ko kin ƙi,
Lawali

*

Maradi
6 ga Oktoba

Lawali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Jikoki na gaida kakansu na Yamai. Na sanar da dangi batun tabarau. Inna Aminatu ta ce dama can ba ka gani, tun ranar da ka durƙusa ka gaida turmi a gidanmu kana tsammanin ita ce. Kuma bawa ba ya zama ubangida don ya koma babban birni.

Yanzu ka bar wasa ka saurare ni. Ba uku ba ne, bakwai ne.

Bana sun yi ƴaƴa fiye da kowace shekara, har sai da muka tokare rassa da sanduna. Na yi ta murna. Sai ganyen ya fara dushewa, kamar zanen da ya sha wanki. Cikin kwana goma ya naɗe, ya bushe a jikin reshe, bai ko faɗo ƙasa ba. Ƴaƴan suna nan rataye, sun yanƙwane. Bishiya ta mutu a tsaye da kayanta, Lawali. In ka hango ta daga nesa sai ka ce wuta ce ta bi ta, amma ciyawar gindinta kore shar.

Ka bar Ibrahim. Takardar ban ruwan da ka rubuta da hannunka tana manne a ɗakin injin, ita yake bi, ni kuma ina tsaye a kansa. Mun tona gindin biyu. Babu gara. Ƙananan saiwoyin ne suka ruɓe, kana ja suna saɓulewa.

Na kira Mansur, malamin gonarmu, ɗalibinka da ya aura mini su da rassan da ka ba shi shekara biyar da suka wuce. Ya zo ya zagaya, ya juya zai tafi. Da na matsa masa, sai ya ce nasa ma biyar sun tafi haka, yana jin nauyin gaya maka. Alhaji Salim maƙwabcina kuwa, lemunsa da ya shuka daga ƙwallo, wanda ba a taɓa aurawa ba, rijiya ɗaya muke sha, ko ganye ɗaya bai canza ba.

Ba gori nake maka ba, amma ka tuna kai ka ce in tumɓuke mangwaron da marigayi maigidana ya bar mini in sa tanjalo arba'in. Na yi, don kai ka faɗa. Wannan lambu shi ke ciyar da ni da marayun ɗiyata Khadija huɗu. Ba ni da wani abu bayansa.

Ka gaya mini mene ne wannan. Kai ne mai littattafai.

Allah ya bar zumunci.
Zulaiha

*

Yamai
10 ga Oktoba

Hajiya Zulaiha,

Assalamu alaikum. Na samu takardarki, na kuma yi miki jaje. Ki gaya wa Inna Aminatu turmin ya fi ta amsa gaisuwa.

Kogi bai koma makwancinsa ba har yau. Ja ne kamar an dama jar ƙasa, kuma ya cinye mini layin gwaba na ƙasa. Da safe in na tsallako gada daga Gaweye, bayan na sa hannu a buro, ofishinmu, sai in ga yana tafiya shiru, ba ya ko ƙara. Masunta sun ce ba su son irin wannan shirun. Ni dai ba masunci ba ne.

Wannan satin aski muke yi. Na tsayar da su gaban wani tsohon mangwaro na ce: duk reshen da ya kamu, ku sauka ƙasa da inda ciwon ya tsaya, ku yanke a lafiyayyen wuri, ku ƙone abin da kuka yanke. Kada ku tsaya tuna yawan ƴaƴan da ya ba ku bara. Mai lambu zai yi muku kuka, ku bar shi ya yi. Sun rubuta. Abdulhakim ya ɗauki maganar da zafi, ya yi wa mangwaron askin da ko wanzamin soja sai ya ji kunya.

Muna cikin haka sai ga Safiatou da ganye a tafin hannu. A bayan rumfa akwai ƙananan lemun tsami da rukunin watan Yuli suka koyi aure a kansu da idon Kaka, aka bar su nan. Can ta je tana bincike, ba wanda ya aike ta.

Ta ce, "Malam, don Allah ɗaga wannan ka duba shi a rana."

Na ɗaga. Na ga ganye.

Ta ce, "Jijiyoyin, Malam. Sun yi fari-fari, a tsinke a tsinke, haske na wucewa. Duk waɗanda aka sa wa idon Kaka haka suke. Waɗanda ba a taɓa ba lafiya lau."

Na ce, "Madalla. Kin gano cewa rana tana da haske."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce a wani horo da ta je an nuna musu hoton irin wannan, kuma lemun tsami shi ke fara tona asirin cutar. Ta faɗi sunan. Tiristeza. Zulaiha, na karanta wannan cuta tun ba a yaye yarinyar nan ba. Cuta ce da ke bin ido daga bishiya zuwa bishiya, ta toshe wurin haɗin aure, abinci ya kasa sauka ga saiwa. A littafi na san ta, da hotunan gonakin wasu ƙasashe masu nisa. Na nuna mata Kaka, na ce ta dubi wannan bishiya da kyau, shekara ashirin da bakwai ko zazzaɓi ba ta taɓa yi ba, ta gaya mini a ina ta ɓoye cutar.

Ta ce, "Gindinta ba irin namu ba ne, Malam."

Na ce lokacin shan ruwa ya yi.

Masu ilimin yanzu haka suke. Sun ga hoto ɗaya, duk duniya ta zama hoton. Naki bishiyoyin, ina zaton ƴaƴa ne suka yi musu yawa a kan saiwar da ruwa ya riga ya raunana. Ki sa a rage ƴaƴan sauran, a buɗe gindinsu su sha iska. Na Mansur kuwa, ban taɓa yarda da ƙasar lambunsa ba.

Bayan sun watse na ɗan zauna ƙarƙashin Kaka. Tururuwa na hawa jikinta a layi. Na shafa sabon toho, sai yatsana ya dawo baƙi, da danƙo. Darɓa ce, ƙananan kwarin nan masu tsotson ganye. Kowace shekara suna zuwa. Ban san abin da ya sa na daɗe ina kallon yatsan ba.

Ki gaida yara. Allah ya tsayar nan.

Lawali

*

Yamai
12 ga Oktoba

Zuwa ga Mama Hajiya Zulaiha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma neman gafara da na rubuto miki ba ki san ni ba. Sunana Safiatou, ɗaya daga cikin malaman gonar da Malam Lawali ke horarwa. Malam Zailani direba ne ya yarda ya kawo miki wannan.

Na san labarin lambunki ne saboda ranar Litinin Malam ya karanta mana wani yanki na takardarki a aji, a matsayin misalin abin da yawan ban ruwa ke jawowa. Bai faɗi sunanki don wulaƙanci ba, cikin raha ya yi. Amma da na ji an ce bishiya ta mutu a tsaye da ƴaƴanta, sai na gane ba ruwa ba ne.

Mama, ga abin da nake tsoro. Akwai cutar da bishiya ke iya ɗauke da ita shekara da shekaru ba ta nuna ba, in gindin da aka aura ta a kai mai jurewa ne. Kaka a kan irin wannan gindi take, na can bakin teku. Mu kuwa a nan, a kan lemun ɗaci muke aure, don shi ke jure fari, kuma Malam da kansa haka ya koya wa kowa. Lemun ɗaci shi ne wanda cutar ke kashewa. Uwar tana nan lafiya, ƴaƴan da aka kai wani gida su ke mutuwa, bayan shekara huɗu ko biyar. Darɓa ma tana ɗaukar cutar daga jikin uwar ta kai wa bishiyoyin kusa.

Na nemi lambar tsofaffin ɗalibansa shida na kira su. Huɗu sun ce suna ganin haka a lambunan da suka aura. Kowannensu yana tsammanin laifin hannunsa ne, shi ya sa ya yi shiru. Biyun da ba su gani ba, ba a kan lemun ɗaci suka yi ba.

Roƙona shi ne ki sa a yanko guntun gangar bishiya ɗaya da ta fara yaushi, daidai inda aka haɗa auren, wurin da ya ɗan kumbura. A aiko wa Malam kafin Alhamis mai zuwa. In an ɓare ɓawon wurin, abin da ke ciki ba ya bukatar gardama.

Zan iya kai maganar gaban darakta, amma ba na so a ji ta daga sama. Malam ya koya mini abin da ban samu a wurin kowa ba, kuma na ga yadda yake tsayawa gaban bishiyar nan. Sai dai ranar Alhamis za a raba rassa ɗari biyu da ashirin, su shiga mota zuwa ko'ina. A Gaya kaɗai masu lambu talatin ke jiran in kawo musu. In ranar ta zo bai hana ba, zan ƙi karɓar nawa a gaban kowa, in kuma faɗi dalili. Ina roƙon Allah kada a kai ga haka.

Ki yafe mini shisshigi.

Ɗiyarki,
Safiatou

*

Maradi
16 ga Oktoba

Lawali,

Salamu alaikum. Gaisuwar ke nan, ba ni da ƙari.

Ashe takardata allo ce ta koyar da yara. Na rubuto maka ina kuka, kai ka tsaya gaban mutum ashirin da biyu kana karantawa suna dariya. Wasan taubasai ne wannan? Na bar ka da Allah a kan wannan, ba shi ya kawo ni ba.

Ga ƙunshi nan Zailani zai ba ka. Guntun bishiyata ce, ta sha biyu. E, sha biyu. Na rage ƴaƴa kamar yadda ka ce, na buɗe gindi, kwando shida na ɗanyen tanjalo na zubar wa awaki. Ba abin da ya tsaya.

Ɗalibarka ce ta ce a yanko, kuma kada ka kuskura ka tsangwame ta, ta fi ka kunya. Kafin in naɗe na ɓare gefe ɗaya da wuƙar kicin don in gani da idona. Daidai wurin haɗin akwai zare mai ruwan ƙasa ya zagaye itacen, kamar an ɗaure shi an shaƙe. Cikin ɓawon kuma duk ƙananan huji ne, kamar an bi shi da allura. Ni ba malamar gona ba ce. Amma na yi shekara ashirin da biyar ina unguwarzoma, na san yadda abu yake in an shaƙe shi.

Na san abin da ke hana ka. Ba ilimi ba ne, ka fi kowa sani. Farida ce. To, ni ma na san Farida, ni na yi mata wanka. Ka tuna shekarar da kuɗin cizo ya shiga gidanku na haya a Gaweye? Ta fito da katifar aurenta tsakar gida, wadda uwarta ta ɗinka mata, ta zuba mata kalanzir ta ƙyasta ashana. Kai kana ta cewa a shanya a rana tukuna, a gwada magani. Ta ce maƙwabta na da jarirai. Ko juyowa ba ta yi ta kalle ka ba.

Ba na ce ka dawo mini da bishiyoyina ba. Sun tafi, sauran ma ina ganin suna hanya, kowace safiya ina zagayawa ina duba wadda za ta bi. Ban san abin da zan ciyar da yaran nan da shi baɗi ba. Wannan nawa ne da Ubangijina. Amma akwai wata mata a Gaya ko a Tawa da yanzu haka take shirin tumɓuke mangwaronta, don an ce mata rassan Malam Lawali na zuwa.

Ka buɗe ƙunshin. Ka sa abin nan da likita ta ba ka.

Zulaiha

*

Yamai
Laraba, 18 ga Oktoba, bayan la'asar

Hajiya,

Wa alaikumus salam. Ƙunshinki ya iso jiya. Na gane zanen, shi kika ɗaura ranar sunan autan Khadija. Yana kan tebur. Na matsar da shi kan kujera don in ci abinci, na mayar da shi tebur don in zauna, yanzu yana kan taga. Ya fi ni yawo a gidan nan.

Karanta takardarki a aji, ban kyauta ba. Wannan na karɓa.

Sauran kuwa, bari in yi miki bayani irin na masu littattafai, tunda haka kika kira ni. Ba a yanke wa bishiya hukunci da ganye ɗaya da guntun itace. Ana kai samfuri labo, ɗakin gwaji, a jira. Zare mai ruwan ƙasa yana iya zama rashin jituwar gindi da kai. Huji yana iya zama ƙwaro. Mutum huɗu a waya ba bincike ba ne, hira ce. Ina da amsa ga kowace magana da kuka kawo, ke da ɗiyar taki, kuma na lura tun jiya ina ta maimaita wa kaina amsoshin, alhali ba wanda ya tambaye ni.

Yau da sanyin safiya muka yanki rassan. Haka ake yi, kwana ɗaya kafin tafiya, a cire ganye a bar guntun kara, a naɗe. Ƙunshi ashirin da biyu suna jere a inuwar Kaka, an yayyafa musu ruwa, kowanne da sunan mai shi. Da na ja baya na dube su, fararen buhuna a jere a ƙasa, sai na ga sun yi kama da wani abu da ba na so in rubuta. Abdulhakim ya ce tuni ya yi wa surukinsa alkawarin ido biyar. Safiatou ba ta taɓa reshe ko ɗaya ba. Ta zauna gefe tana wanke wuƙaƙe da almakasai a ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda aka riga aka wanke. Da na wuce ta miƙe tsaye, kamar kullum.

Ina da littafin da nake rubuta sunan duk wanda na ba tsaraba. Ɗari biyu da goma sha huɗu, cikin shekara tara. Dā nakan buɗe shi in na ji kewa, in karanta sunayen garuruwa: Madawa, Mirya, Tibiri, Birnin Ƙonni. In ce Farida ta je nan, ta je nan, ita da ba ta taɓa wuce Dosso ta gabas ba sai zuwa wurinku. In maganarku gaskiya ce, Zulaiha, to me na yi shekara tara ina aikawa gidajen mutane da sunanta?

Kin ga dalilin da ya sa ba za ta zama gaskiya ba.

Gobe da ƙarfe goma darakta zai zo, a yi jawabi, a ba da takardun shaida, in miƙa wa kowa ƙunshinsa. Na goge babbar rigata. Kaka tana nan cike da ƴaƴa, ganyenta har ƙyalli yake. Na tsaya na dube ta da kyau kafin in taho, iyakar abin da idona ke iya gani, ban ga komai ba.

Ruwan kogi ya ƙara hawa taki biyu. Tabarau yana inda yake.

Ki yi mini addu'a, ko da kina fushi.

Lawali

*

Yamai
Alhamis, 19 ga Oktoba

Zulaiha,

Assalamu alaikum.

Bayan sallar asuba na buɗe aljihun tebur, sannan na buɗe zanenki. Na ga zaren. Na ga hujin. Na je lambu na ɗaga ganyen lemun tsami a rana, na ga abin da yarinyar nan ta nuna mini kwana tara da suka wuce.

Darakta ya iso ya tarar da hayaƙi. Ƙunshi ashirin da biyu na ƙone, ban bar ko ɗaya ba. Na sa Safiatou ta tsaya inda nake tsayawa ta yi musu bayani, ni na riƙe mata ganyen. Ta ɗebi reshe ɗaya daga jikin Kaka za ta kai labo saboda takarda. Ni na riga na ga tawa.

Sara na farko a gindin Kaka ni na yi. Abdulhakim ya ƙarasa, don hannuna ya ƙi. Ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Littafin sunaye yana hannun Safiatou. Mun raba shi, kowa zai nemi na jiharsa. Mansur ni zan kira da bakina, ta wayar nan da na raina.

Ranar Asabar zan biyo Zailani. Ki tanadar mini gatari da tabarma, zan zauna har mu ga abin da za a dasa.

Ki ce wa Ibrahim ya yafe mini, ba ruwansa. Ke kika yi gaskiya, ƴar kawu. Na yi kuskure.

Bawanki,
Lawali